Nazari a Kan Yadda Rubutun Umarni Yake Gane Mai Masaukinsa da Dillalinsa

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba wata matsala ce da takan taso wa masu rubuta manhajar kwamfuta da harshen JavaScript, watau yadda rubutun umarni zai gane, a daidai lokacin da ake gudanar da shi, wace manhaja ce take karanta shi, kuma wace ce ta kirawo shi. Wanda bai san fannin ba zai ɗauka babu wani abin bincike a nan, domin a ganinsa kwamfuta ai ta san kanta. Alhali kuwa rubutun umarni tamkar baƙo ne da aka sauke da dare a gidan da bai sani ba. Ba ya ganin fuskar maigida, sai dai ya lalubi kayan ɗaki, ko kuwa ya dogara da sunan da aka faɗa masa. Kayan ɗaki ana iya aro su daga maƙwabta, haka shi ma sunan.

Kafin a yi nisa ya kamata a daidaita kalmomin da za a yi amfani da su, waɗanda aka ɗauko daga tsarin fatauci. Rubutun umarni shi ne fayil ɗin da mai rubuta manhaja ya jera umarce-umarce a ciki. Shi kaɗai ba ya motsi, sai wata manhaja ta karanta shi ta aiwatar da abin da ya ƙunsa, ta kuma ba shi damar taɓa fayiloli da intanet. Wannan manhaja ita za a kira mai masauki. Sa'an nan kuma da wuya a sami wanda ya rubuta kome da kome da hannunsa. Bisa ga al'ada akan ɗauko guntayen manhaja da wasu suka riga suka rubuta suka ajiye a wani babban rumbu a intanet. Kowane guntu shi ne ƙunshi, manhajar da take zuwa rumbu ta ɗauko shi ta girke a kwamfuta kuwa ita ce dillali. Bayan ɗauko kaya, dillali yakan yi wani aiki na biyu, watau kiran rubuce-rubucen umarnin da aka lissafa a fayil mai suna package.json, ya miƙa su ga mai masauki.

Yadda gida ɗaya ya zama unguwa

Brendan Eich ne ya ƙirƙiro JavaScript a kamfanin Netscape a shekarar 1995, kuma shekaru da dama kusan ba a san harshen da wani masauki ba sai cikin burauza. A 2009 Ryan Dahl ya ɗauki injin V8 na burauzar Chrome ya gina Node.js a kansa, wanda ya ba harshen damar aiki a wajen burauza. A 2010 Isaac Schlueter ya fito da npm ya zama dillalinsa. A wancan zamani tambayar ba ta da wuya: ko dai burauza, ko kuwa Node, dillali kuma ɗaya ne tilo.

Daga baya ne unguwa ta cika. Facebook da abokan aikinsa sun fitar da Yarn a watan Oktoba na 2016, Zoltan Kochan kuma ya jagoranci aikin pnpm, wanda bugunsa na 1 ya fito a 2017. A 2018 shi Dahl ɗin da kansa ya gabatar da sabon mai masauki mai suna Deno a wani taro a Balin ta ƙasar Jamus, bugunsa na 1 ya fito a watan Mayu na 2020. Sai kuma Bun na Jarred Sumner, wanda aka gina a kan injin JavaScriptCore na burauzar Safari, bugunsa na 1 ya fito a watan Satumba na 2023. Shi Bun ya ƙara dagula lissafi, domin mai masauki ne kuma dillali ne a lokaci guda.

Abin lura a nan shi ne, duk wanda ya zo daga baya ya tarar da rumbu cike da ƙunshe-ƙunshen da aka rubuta domin Node da npm. In har yana son mutane su koma gare shi, dole waɗannan ƙunshe-ƙunshe su yi aiki a gidansa ba tare da an sake rubuta su ba. Saboda haka sai ya shirya ɗakinsa kamar na Node, ya kuma amsa sunan Node idan an kira. Wannan shi ne tushen matsalar baki ɗaya.

Tambaya ta farko: wane ne mai masauki?

Tsohuwar dabara ita ce laluben kayan ɗaki. Kowane mai masauki yana da wasu sunaye da ya tanada tun kafin rubutu ya fara aiki. Burauza tana da window da document, Node kuwa yana da process. Harshen yana da kalmar bincike, typeof, wadda ake iya tambayar ko wani suna yana nan da ita ba tare da rubutun ya faɗi ba ko da babu shi, alhali in aka kira sunan da babu shi kai tsaye, nan take aiki yake tsayawa. Don haka dubban ƙunshe-ƙunshe suka ɗauki ƙa'ida ɗaya: in akwai window burauza ce, in akwai process Node ne.

Kowane ɓangare na wannan ƙa'ida ya riga ya rushe. Manhajojin da aka gina da Electron, irin su Visual Studio Code, suna iya samun window da process a wuri guda. Masu gwajin manhaja sukan yi amfani da jsdom, wanda yake ƙera window na jabu a cikin Node. Deno ya zo da window nasa tun farko, ko da yake ba burauza ba ne, har sai da aka cire shi a bugu na 2 a watan Oktoba na 2024. Ta ɗaya gefen kuma, webpack, kafin bugunsa na 5 na shekarar 2020, yakan cusa process na jabu a cikin shafukan burauza domin ƙunshe-ƙunshen Node su samu su yi aiki. Wannan ne ya sa masu hankali suka daina tsayawa a kan process kaɗai, suka koma duba process.versions.node, domin na jabun ba ya ɗauke da lambar bugu.

Sai dai wannan ma bai ɗore ba. Bun yana da process, kuma in aka tambaye shi process.versions.node zai ba da lambar wani bugu na Node, watau wanda yake kwaikwayo. Deno ma tun daga bugu na 2 ya tanadi process, yana kuma ba da irin wannan amsa. Ke nan tambayar «kai Node ne?» masu masauki uku ne suke amsa ta da «na'am». Ba za a ce ƙarya suke yi ba, domin abin da suke nufi shi ne za su iya ɗaukar nauyin baƙon Node. Amma ga wanda yake son sanin ainihin gidan da yake, amsar ba ta da amfani.

Mafita ita ce a juya tsarin tambayoyin. Sabon zuwa yana kwaikwayon tsoho, tsoho kuwa ba ya kwaikwayon sabon zuwa. Node ba shi da suna Bun, ba shi da suna Deno. Saboda haka alamar da mutum ɗaya kaɗai yake da ita ake fara nema, alamar da kowa yake da ita a bar ta ƙarshe:

typeof Bun !== "undefined"
typeof Deno !== "undefined"
typeof process !== "undefined" && process.versions && process.versions.node

In layi na farko ya tabbata, Bun ne, an gama. Haka kuma ana iya gane shi ta process.versions.bun. In na biyu ya tabbata, Deno ne. Sai bayan waɗannan biyun sun gaza ne layi na uku yake da ma'anar Node. Wanda ya sa na ukun a sama, to, kowa zai zame masa Node, kuma kwamfuta ba za ta yi masa wani gargaɗi ba. Raunin wannan tsari a fili yake: jerin sunaye ne na waɗanda aka sani a ranar da aka rubuta shi. Duk mai masaukin da ya fito bayan nan yana kwaikwayon Node, zai wuce layi biyu na farko ya faɗa na uku.

Domin rage wannan lalube ne masu gina waɗannan manhajoji suka kafa wani zaure na shawara a 2022 mai suna WinterCG, wanda a 2025 ya koma ƙarƙashin ƙungiyar Ecma da sunan WinterTC. Daga cikin abubuwan da aka daidaita a kai akwai cewa kowa ya faɗi sunansa a wuri ɗaya, watau navigator.userAgent. Deno yakan amsa da Deno da lambar bugunsa, Bun da Bun, ma'aikatan Cloudflare da Cloudflare-Workers, Node kuma tun daga jerin bugu na 21 na shekarar 2023 yakan amsa da Node.js/21 ko abin da ya biyo baya. Hanya ce mai tsabta, amma tana da sharaɗi biyu. Na farko, a tsofaffin bugun Node babu navigator sam, sai an fara bincikarsa da typeof. Na biyu kuwa abin dariya ne: shigowar navigator cikin Node ta karya wasu ƙunshe-ƙunshe waɗanda tun da can suke ɗaukar samuwarsa a matsayin shaidar cewa suna cikin burauza. Garin gyaran gira an rasa ido.

Ba yau aka fara irin wannan ba, kuma tarihin burauza ya isa darasi. Burauzar Netscape ta 1994 takan gabatar da kanta ga shafuka da sunan Mozilla. Masu shafuka suka riƙa aika ingantaccen shafi ga mai wannan suna kaɗai. Da Internet Explorer ya zo a 1995, sai shi ma ya fara gabatar da kansa da Mozilla, ya ɓoye sunansa na gaskiya a tsakiyar layi. Kowa ya bi sahu, har ta kai layin gabatarwar Chrome yana ɗauke da Mozilla da AppleWebKit da KHTML da Gecko da Safari, duk a kan burauza ɗaya. Opera kuwa da ta kai bugu na 10 a 2009 sai ta riƙa kiran kanta 9.80, domin akwai shafukan da suke karanta lambar farko kaɗai, su ɗauki 10 a matsayin 1. Duk lokacin da aka mai da suna ya zama mabuɗin ƙofa, waɗanda aka bari a waje sukan sassaƙa irinsa.

Tambaya ta biyu: wane dillali ne ya yi kira?

Wannan tambaya dabam take da ta farko, kuma hanyar amsa ta ma dabam ce. Dillali ba ya zaune a ɗaki tare da rubutu. Yana kiran mai masauki ne ya miƙa masa aiki, tare da wasu bayanai da ake kira bayanan muhalli, watau jerin sunaye da ƙimominsu waɗanda kowace manhaja take damƙa wa wadda ta kira, kamar guzurin da ake ba ɗan aike. A Node ana karanta su ta process.env. A cikinsu akwai guda mai suna npm_config_user_agent, wanda npm ya fara sakawa, sauran dillalai kuma suka gada har da sunan. Ga yadda ƙimarsa takan kasance:

npm/10.2.4 node/v20.11.0 linux x64 workspaces/false
yarn/1.22.19 npm/? node/v20.11.0 linux x64
pnpm/8.15.0 npm/? node/v20.11.0 linux x64

Mai karatu zai lura da tarko biyu. Haruffan npm suna cikin kalmar pnpm. Bugu da ƙari, Yarn da pnpm duk sun saka npm/? a matsayi na biyu, haka ma Bun yake yi. Saboda haka wanda ya tambayi ko akwai npm a cikin layin, kullum za a ce masa akwai. Abin da ya dace shi ne a yanke layin a gurbin farko, a ɗauki abin da ya gabaci alamar tsaga, shi ne sunan dillali, abin da ya biyo ta kuma lambar bugunsa. Lambar tana da muhimmanci ga Yarn musamman, domin bugunsa na 2 na shekarar 2020 ya sha bamban da na 1 ƙwarai, har yana iya aiki ba tare da jakar node_modules ba. Haka manhajar create-vite take yi: bayan ta shimfiɗa wa mutum sabon aiki, takan duba wannan layi domin ta faɗa masa umarnin da zai buga na gaba da harshen dillalin da ya saba da shi. Shi ma ƙunshin only-allow da wannan yake dogara. Akan saka shi a matakin preinstall, in ya ga dillalin da ba shi aka amince da shi ba, sai ya tsai da girkawar.

Wannan shaida tana da iyaka uku. In mutum ya kira rubutu kai tsaye da node, ba tare da dillali ba, bayanin ba ya nan, kuma amsa ta gaskiya a nan ita ce ba a sani ba. Yawancin masu rubutu sukan ce npm ne a irin wannan hali, wanda zato ne kawai, ya kamata su san zato suke yi. Na biyu, bayanan muhalli gado ne: ɗa yana karɓa daga uba, jika daga ɗa. Idan dillali ya kira rubutu, rubutun ya kira wani, wancan ya sake kiran wani, na ƙarshen yana iya ganin sunan kakan da ba shi ya kira shi ba. Na uku, kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama a cikinsu kafin ya kira rubutu, don haka ba abin da za a gina tsaro a kansa ba ne.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne inda aka gauraya tambaya ta farko da ta biyu. Akwai manhajoji da yawa da layinsu na farko yake cewa #!/usr/bin/env node, watau a nemo Node ya karanta su. Idan aka kira irin wannan da bun run, Bun yana girmama wannan layi, ya miƙa aikin ga Node ɗin da ke kwamfutar, sai fa in an ƙara masa alamar --bun. A nan dillali Bun ne, mai masauki kuwa Node. Rubutun da ya ga bun a bayanan muhalli ya ɗauka yana gidan Bun, har ya kira Bun.file, zai faɗi nan take, domin babu wannan suna a ɗakin da yake.

Tambaya ta uku: na wane dillali ne aikin?

Sau da yawa abin da rubutu yake bukatar sani ba wanda ya kira shi ba ne, a'a, dillalin da masu aikin suka zaɓa ne. Wannan yana bayyana a takardar kulle. A package.json akan rubuta bukata da sassauci, misali ^1.2.0, wanda yake nufin kowane bugu daga nan har zuwa ƙasa da 2.0.0. Takardar kulle ita take rubuta ainihin bugun da aka ɗauko, domin kowace kwamfuta ta girke abu iri ɗaya. Ta Yarn ita ce yarn.lock. Ta npm, wadda ta zo da bugunsa na 5 a 2017, ita ce package-lock.json. Ta pnpm kuwa pnpm-lock.yaml. Bun ya fara da bun.lockb, wadda mutum ba ya iya karantawa, sa'an nan daga bugu na 1.2 na watan Janairu na 2025 ya koma bun.lock, don haka sai a nemi duka biyun. A manyan ayyuka masu rassa takardar takan kasance a jaka ta can sama, sai rubutu ya yi ta hawa daga jaka zuwa uwarta har ya same ta.

A ɗauka ɗalibai biyu suna gina shafin ƙamus a intanet, kuma sun zaɓi pnpm. Ɗayansu ya kira wata manhajar taimako kai tsaye da node. Ita kuma da ba ta ga sunan dillali ba sai ta yi zaton npm, ta girka ƙunshi da shi. Yanzu aikin yana da takardun kulle biyu, kowace da nata lissafi. Har wa yau, npm yana baje dukkan ƙunshe-ƙunshe a saman node_modules, har da waɗanda wasu ƙunshe-ƙunshen ne suka jawo su, ta yadda rubutu zai iya kiran abin da ba a taɓa lissafa shi a package.json ba, kuma ya amsa. Shi kuwa pnpm abin da aka lissafa kaɗai yake fitarwa sama. Sakamakon haka shafi zai yi aiki a kwamfutar ɗaya ya ƙi a ta ɗayan, ko kuwa ya ƙi a kan uwar garke ranar da za a nuna wa malami, alhali babu wanda ya taɓa rubutun ƙamus ɗin. Da manhajar ta duba takardar kulle kafin ta yi zato, da duk wannan bai faru ba.

Akwai shaidar da ta fi takardar kulle ƙarfi, domin ita furuci ce da gangan, watau layin packageManager a cikin package.json, inda masu aiki suke rubuta misali pnpm@9.1.0. Ya zo ne tare da Corepack, wanda aka fara haɗawa da Node a bugu na 16.9 a 2021. A watan Maris na 2025 kwamitin da ke jagorantar Node ya yanke shawarar daina haɗa Corepack daga bugu na 25, amma layin yana nan, kuma kowane rubutu yana iya karanta shi. In yana nan shi ake bi, in babu shi a koma ga takardar kulle, in ita ma babu sa'an nan a duba bayanan muhalli. In kuwa an tarar da takardu biyu, ya fi kyau rubutu ya tsaya ya tambayi mutum.

Inda ba a bukatar suna

Yawancin rubuce-rubucen da suke neman sunan mai masauki, in aka bincika, wani abu ƙarami suke son sani, kamar ko akwai fetch na ɗauko bayani daga intanet. Wanda ya rubuta a 2020 cewa in Node ne to babu fetch, gaskiya ya faɗa a ranar, amma Node ya zo da shi a bugu na 18 a 2022, hukuncin kuma ya zama kuskure ba tare da an canza ko harafi ɗaya ba. Wanda ya tambayi typeof fetch kuwa rubutunsa yana nan daidai, har a gidajen da ba a gina ba a lokacin da ya rubuta shi. Neman suna ya cancanta ne a wurare kaɗan: inda ake rubuta rahoton kuskure, inda ake kauce wa wani aibi da aka san yana cikin bugu kaza na mai masauki kaza, da inda za a faɗa wa mutum umarnin da zai buga.

Ga mai wallafa ƙunshi kuma akwai hanyar da ta raba shi da lalube gaba ɗaya. Tun 2020 Node ya amince da sashen exports mai sharuɗɗa a package.json, inda ake rubuta fayil ɗin da za a ba bun, da na deno, da na node, da na default ga duk wanda ya rage. Mai masauki ne da kansa yake duba jerin ya ɗauki nasa, kuma yana ɗaukar na farkon da ya dace da shi ne daga sama zuwa ƙasa. Da yake Bun da Deno duk suna amsa sharaɗin node, wanda ya rubuta node a saman jerin ya hana su isa ga fayilolin da ya tanadar musu.